Rasuwar Jan Littafi, Mai Shafi na Saba'in

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye irin sunkuyon da ban taɓa yi ba, ni Katongo Chisanga na Kitwe a ƙasar Zambiya, tsohon mahaƙin tagulla, nake sanar da 'yan teburin Asabar da duk mai jin tausayi rasuwar Jan Littafi, littafin dokokin wasanmu. Ya rasu ranar Laraba da hantsi yana da shekara talatin da takwas. Ni nake faɗa, Bana Nsofwa, wato uwar Nsofwa, take rubutawa. Dalilin hakan zai zo a gaba, kada a gaggauta ni.

Marigayin ya zo hannuna daga wani injiniya baƙo, wanda ya koya mana wasan. Kowa ya ɗauki mutum guda, jarumi ko boka ko ɓarawo, mai jan labari ya kai su kogo ko fadar dodo, a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin a ga wanda zai tsira. Injiniyan yana karantawa a fili, ni ina ji. Kafin ya koma ƙasarsu na haddace littafin kaf, abin da malaman makaranta uku suka kasa. Tun ranar nake kan kujerar mai jan labari, da tabarau a hanci da yatsa a kan layi.

Marigayin mai haƙuri ne. An ɗora masa kwanon nshima, tuwon masararmu, da zafinsa bai koka ba. Muryarsa biyu ce: fyat idan na juya shafi, sai kuma dam idan na rufe shi a kan gardama, kowa ya yi tsit.

Abin da aka fi saninsa da shi dokar shafi na saba'in ce. Idan mutumin wani ya faɗi a rami, ba a tafiya a bar shi. Kowa zai ɗora hannu a tebur, a jefa tare, ko ɗaya ne ya dace an ciro shi. Ni da ƙasa ta rufta a kaina na kwana uku a rami, na sha ruwan da ke ɗiga daga dutse, na fito da ƙafata, na san darajar wannan doka fiye da kowa a Kitwe.

Ciwon ajali ya fara ne da Ba Lombe (Ba laƙabin girmamawa ne a wajenmu), malamin makaranta mai ritaya, ya zo da sabon bugu mai shuɗin bango. Ya ce dokokinsa sun fi sauƙi, ba sai an yi lissafi sau uku kafin a sari dodo ba. Bana Nsofwa ta ce ita tana so, don an bar mai magani ta riƙe takobi, ta gaji da ɗaure raunin maza a asibiti da kuma a wasa. Mabvuto Jere, ɗan ƙabilar Ngoni, abokan wasanmu mu 'yan ƙabilar Bemba, ya ce a zubar da duka biyun a koma wani wasa na kati, ko ya huta da jin labarin ramina. Ni na ce sabon bugun na ragwaye ne, mutum ba ya mutuwa a ciki ko da ya so.

Sai Ba Lombe ya ce, "Shikenan, Ba Katongo. Asabar mai zuwa ka karanta mana dokar shafi na saba'in a fili, mu duba ko sabon ya riƙe ta. In babu, muna nan kan tsohon."

Na ce ko yanzu ma. Na dai ce haske ya yi ƙasa.

Ga abin da nake jinkirin faɗa. Ban taɓa shiga aji ba. Ban san harafi ko ɗaya ba sai na farkon sunana. Dokar nan kuwa injiniya bai taɓa karanta ta ba, ni na ƙirƙiro ta. Mu biyu muka kwana a ramin nan, ni da abokin aikina Mwaba, ni kaɗai aka ciro.

Na fara gaya wa maƙwabta cewa marigayin ya zame ne ya faɗa duron ruwa. Bai zame ba. Ni na sa shi, na danna shi da tabarya har ya daina tasowa. Sautinsa na ƙarshe ɓul-ɓul ne.

Ran Asabar na kai gawar a leda, ta kumbura kamar burodi. Jere ya duba, ya yi dariya har ya riƙe ƙafar tebur.

"Kai tsohon Bemba, kisan kai ka yi! Shafi na saba'in fa jerin kayan da jaki zai iya ɗauka ne. Tun shekarar da aka haifi Nsofwa muka duba, ranar da ka zaga bayan gida. Shekara talatin kana ceton mu da jaki!"

Na ce, "To don me kuka ce in karanta?"

Ba Lombe ya buɗe shuɗin littafin ya nuna mini rubutun biro a gefen shafi. "So muka yi ka faɗe ta daidai, in gyara abin da na rubuta. Na sa mata Dokar Katongo. Wa zai yi wasa ba ita?"

Bana Nsofwa ta ce, "Wani lokacin ma a kife kake riƙe shi, Shikulu, kakanmu. Ba wanda ya damu."

Ni da dutse bai karya ba, ranar maganar nan ta karya ni.

Marigayin ya rasu ya bar 'ya'yan ludo bakwai, ɗaya ya guntule, da taswirar kogo da aka zana a bayan kalanda, da 'yan tebur huɗu, ciki har da wanda ya kashe shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a gindin mangwaron bayan gidana. Jere ne zai haƙa kabari kamar yadda ya wajaba a kan abokin wasa, kuma ya riga ya ce zai shafe mini fuska da garin masara. Ba zan goge ba. Bayan an rufe za a koma tebur da sabon bugu: Ba Lombe ya karanta, ni in ja labari, tunda sun ce kujerar tawa ce har yanzu. Mai zuwa ya zo da kujerarsa.

Tabarauna za a binne tare da marigayin. Idona lafiyarsa ƙalau.