Kare Na Uku a Gidan Loretta Pruitt

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Ba da Izinin Ajiye Karnuka na garinmu, Allah ya ƙara masa ɗaukaka.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki, ni ce Loretta Pruitt, wadda ta yi ritaya daga tuƙa motar 'yan makaranta. Dokarku mai albarka ta ce karnuka biyu ne iyakar kowane gida, na uku sai da izini. Ina da biyu. Da yayana Wendell ya rasu a bara, ya bar mini Tubby, tsohon kare makaho mai haƙora kaɗan. Wendell bai nemi izininku ba kafin ya mutu, ina ba da haƙuri a madadinsa.

Ga 'yan koke-kokena, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Kun rubuto cewa in ban samu izini ba za a kai Tubby gidan karnukan da ba su da kowa. Ni da kai mun san abin da ake yi wa tsohon makahon kare a can. Na gode da ba ku faɗa ba.

Na biyu. Jami'inku ya zo auna ƙarar haushin Tubby da na'ura. Tubby ya daina haushi tun kafin ya makance. Bawan Allah ya tsuguna a gabansa har ƙafarsa ta yi tsami, ya ce, "Baba, ba za ki ɗan tsokane shi ba?" Na ce, "Ɗan nan, ka yi masa haushin da kanka, ko zai tuna." Ya yi, sau biyu ma. Daga nan ya rubuta cewa kare ya ƙi ba hukuma haɗin kai. Shin akwai hukuncin da za mu jira?

Na uku. Kun ce sai duk maƙwabta sun sa hannu. Kowa ya sa, ban da Orville Kanski, tsohon da ke zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa, wanda ba ma ga-maciji da shi saboda ganyen bishiyata da ke zuba a farfajiyarsa. Ya ce, "Loretta, ko kifi kika ce za ki ƙara, ba zan sa ba." Wace hikima ce ta sa kuka ɗora ran kare a hannun mutumin da ke zagin mai kawo wasiƙa?

Na huɗu, kuma shi ne babba. Muna cikin jiran amsarku, Tubby ya bi ta ƙarƙashin shinge ya kwanta a barandar Orville. Makaho ne, bai san gidan maƙiyi ba ne. Orville ya leƙo ya ce, "Zo ki kwashe wannan tsumman!" Da na je, na tarar yana yanka masa naman kaza ƙanana-ƙanana. Washegari Tubby ya koma. Da lokacin sanyi ya shigo, sai ga Tubby sanye da rigar ulu wadda ba ni na saya ba. Ƙarshenta Orville ya je ofishinku ya yi wa Tubby rajista a matsayin karensa, aka ba shi nan take, tunda ba shi da wani kare.

Yanzu ga izinina ya iso, da tambari mai kyau, ko da yake Orville bai sa hannu ba. A ciki kun ce ranar da za ku zo dubawa dole a nuna karnuka uku, in ba haka ba na yi wa hukuma ƙarya. Na je aron Tubby na yini ɗaya. Orville ya tare ƙofa ya ce, "Karena ba ya zuwa gidan da ya cika da karnuka."

Ba zan ƙwace shi ba. Da yamma ina jiyo tsohon ta kan shinge yana ba Tubby labarin matarsa, kuma rabon da in ji muryarsa ba da zagi ba har na manta.

Don haka ina roƙon ka sanar da ni ko zan amsa laifin ƙarya ne, ko in ɗauko wani kare don in cika doka. In na biyun ne, a gaya wa jami'in ya zo da shirinsa, wannan karon zan zaɓo mai haushi.

Taka mai biyayya har abada, mai karnuka biyu da izinin uku,

Loretta Pruitt