Yadda Za Ka Shirya Tafiya Karatun Waje Ba Tare da Ka Juya Takarda Ba

To, ɗan'uwa, barka da arziki. An ɗauke ka. Jami'arku za ta tura ka wata jami'a a ƙasar waje ka yi zango ɗaya, wata huɗu cur, su ma su turo nasu ɗalibin ya zauna a kujerarka mai ƙafa uku. Saura shiri, kuma ka zo inda ya dace. Ni ne na yi wannan shirin bara, kuma kaf tsangayarmu babu wanda zai ce maka ya taɓa ganin shiri irin nawa. Ka bi matakan nan yadda na jero su, ba ragi ba ƙari. Na yi maka alkawari za ka sami irin sakamakon da na samu, daidai wa daida.

Mataki na 1: Karanta layin farko, ka tsaya

Za a kira ka ofishin musayar ɗalibai, wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an roƙe ta. Malamar da ke riƙe da ofishin za ta miƙo maka takarda guda, ta ce, "Ka karanta ta duka, gaba da baya. Kana ji na? Gaba da baya."

Ka ce, "Na gode, Malama, Allah ya saka da alheri." Ka maimaita sau uku, don kada ta sami wurin ƙara wata magana.

Layin farko zai ce ana taya ka murna. Ya wadatar. Duk abin da mutum yake bukata yana layin farko, sauran rubutun ma'aikata ne suke cika shi don a ga suna aiki. A bayan takardar akwai wani ɗan sakin layi da ke cewa ka sa hannu a ƙasa, ka mayar ofis cikin kwana ashirin da ɗaya, in ba haka ba a ba na bayanka gurbin. Wannan ba ruwanka da shi. Kada ka juya. Ni ban juya ba.

Mataki na 2: Kai wa mahaifinka

In mahaifinka ba kafinta ba ne, ka yi haƙuri, wannan matakin zai ɗan yi maka wuya. Nawa kafinta ne.

Ka same shi a shago, fensir a bayan kunne, garin katako har a gira. Zai goge hannu a jikin rigarsa sau biyu kafin ya karɓa, kuma zai riƙe ta da bakin yatsu. Ba ya karanta yaren da aka rubuta ta da shi, don haka zai ce, "Nuna min sunanka."

Ka nuna.

"Nawa fa?"

Ka nuna wannan ma, ga shi nan manne da naka. Zai ɗora yatsa a kai. Kai kuma ka kalli rufin shagon, domin ba kyau ɗa ya tsaya yana kallon idon ubansa a irin wannan lokaci.

Daga nan ka bar masa sauran aikin. Zai ajiye ƙofar kabad ɗin wani da aka yi sati biyu ana yi masa sintiri a kanta. Zai jawo wani katako daga ƙarƙashin benci, wanda ya yi shekaru yana hana kowa taɓawa, ya yanka, ya goge, ya aika a yanko gilashi. Zai kwantar da takardar, fuskarta a gilashi, ya rufe bayanta da falanki, ya bi shi da ƙananan ƙusoshi goma sha biyu. Zai ce, "Wannan ko jikokinka sai sun nemo guduma."

Ka yaba aikin, don ya cancanci yabo. Kafin la'asar an rataye ta a falo, saman talabijin, inda duk wanda ya yi sallama sai ya gan ta. Saura kwana ashirin.

Mataki na 3: Sanar da jama'a

Kada ka ce wata huɗu. Wata huɗu ba ya sa kowa hawaye. Ka ce, "Zan tafi," ka sauke murya, ka kalli nesa.

Ka fara da Gwaggo, yayar mahaifinka, domin gaya mata ya fi sa sanarwa a rediyo. Za ta rafka salati, ta kama kanka da hannu biyu, ta ce, "Wayyo, yaron nan, ko zan sake ganinka?" Kada ka tuna mata cewa ko yanzu sau biyu take ganinka a shekara.

Cikin kwana uku za a canja maka suna. Ni Matafiyi suka sa min. Mai shagon bakin layi ya fara kira, masu wankin mota suka ɗauka, har limaminmu sai da ya kira ni da shi sau ɗaya bisa kuskure. Ka riƙa amsawa da ɗaga hannu kawai.

Abu ɗaya: kada ka buɗe akwatin saƙon da jami'a ta buɗe maka a intanet. Babu abin da ke shiga can sai jadawalin jarrabawa da gargaɗin ɗakin karatu. Kuma ai ka manta lambar sirrinsa tun kana aji ɗaya.

Mataki na 4: Saba wa jikinka da sanyi

A kowane dangi akwai kawu ɗaya da ya taɓa fita waje. Namu kwana uku ya yi, taron wurin aiki, shekara goma sha tara da suka wuce, kuma har yau bai gama ba da labarin ba. Ka je ka zauna a gabansa.

"Sanyin can," in ji Kawu, "ba a jiki yake kama mutum ba. Ta kunne yake shiga."

Ka rubuta wannan.

Sai ka tafi wurin 'yan gwanjo ka zaɓi rigar sanyi mafi nauyi, irin wadda in ka ajiye ta take tsayawa da kanta. Ka riƙa sa ta kullum bayan azahar, minti arba'in, kana zagaya tsakar gida. In Mama ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa?" ka ce atisaye kake yi. In jiri ya kwashe ka, ka buɗe firiji ka sa kai a ciki, ka jefi matakai biyu da aiki ɗaya. Saura kwana goma sha ɗaya.

Mataki na 5: Akwati

Kamfanin jirgi ya ce kilo ashirin da uku. Mama ta ce kamfanin jirgi bai haife ka ba.

Ka aro sikelin mai sayen tsofaffin ƙarafa, ka rataye shi a ƙofar kicin. Awon farko zai ba ka kilo arba'in da ɗaya. A ciki akwai bargo biyu, tukunya, dutsen guga, sabulu sanda goma, tocila, da wani agogon bango da babu wanda ya amsa laifin saka shi. Duk abin da ka fitar da safe, za ka same shi ya koma da yamma, an naɗe shi cikin wando.

"Mama, ai suna da tukunya a can."

"Ka san wanda ya yi girki a cikinta?"

Ba ka sani ba. Ka mayar da tukunyar.

Sannan masu saƙo za su fara zuwa. Gwaggo za ta kawo ƙunshi a kai wa ɗan maƙwabciyarta. Ka bincika, za ka tarar ƙasar da yake zaune da wadda za ka je akwai teku biyu a tsakani. In ka faɗa mata za ta ce, "Ai duk waje ne. In kun haɗu a masallaci ka ba shi." Ka karɓa.

Daga ranar ka daina ɗaukar duk lambar da ba ka sani ba. Masu saƙo ne. Akwai wata da ta kira ni sau biyu a rana ɗaya, wajen ƙarfe goma na safe, na bar ta ta yi ta ruri har ta gaji.

Mataki na 6: Jajanta wa wanda bai samu ba

Mutumin kirki ba ya manta na baya. A ajinmu akwai wani da muke kira Shiru, don sai ya yini bai yi jimla biyar ba. Tare muka nema, shi aka sa shi a jerin masu jira, na farko a jerin. Ka nemo irinsa a ajinku, ka dafa kafaɗarsa, ka gaya masa komai lokaci ne.

Zai saurare ka har ka gama. Sai ya ce, "Ka mayar musu da takardar?"

Ka ce, "Wace takarda? Takarda tana bango."

Zai ce, "Da dai ka leƙa ofis. Yau ko gobe."

Ka yi murmushi, ka tafi kana girgiza kai. Hassada ba ta da kyau, amma ka yi masa uzuri. Ni har addu'a na yi masa a hanya. Saura kwana biyu.

Mataki na 7: Je ka ji abin da ya riƙe takardar biza

Kawu ya ce akwai wata takarda ta biyu da za su aiko, wadda ake kaiwa ofishin jakadanci. Ka jira ta da haƙuri, kada a ce kana zumuɗi. In an kwana talatin ba labari, ka sa rigar kirki ka je ofis, ka tambaya cikin ladabi, amma da 'yar alamar cewa ranka ya fara ɓaci.

Malama za ta cire tabarau ta ajiye. "Sai yau?"

"Na ga shiru ne, Malama."

"Shiru? Saƙo uku na tura maka. Na kira ka sau biyu da wayata. Abokinka da kansa ya zo nan ya ce in ƙara maka kwana ɗaya, shi da gurbin zai faɗa hannunsa in ba ka zo ba. Na ƙara. Ina takardar da na ce ka karanta gaba da baya?"

Ka faɗi gaskiya, don babu wata ƙarya da za ta fi ta kyan gani. "Tana cikin firam."

Za ta ce an riga an tura sunan na bayanka, can ma sun karɓa, ba abin da za ta iya. Za ta ce za a sake buɗewa baɗi. Ka yi godiya sau ɗaya, ya isa. Ka kama hanyar gida.

Mataki na 8: Gaya wa mahaifinka

A nan ba ni da dabara. Na nema, ban samu ba.

Na same shi a falo yana shan shayi, na durƙusa, na faɗa masa. Ya tashi ya sauko da firam ɗin, ya kifa shi a kan cinyarsa, ya ce ƙanwata ta miƙo masa filaya. Ya zare ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a hannun kujera, goma sha biyu. Ya ɗaga falankin. Ga rubutun nan, ga layin da aka bar min in sa hannu, fari tas, ko ƙura bai yi ba.

Ya ce, "Wannan ne?"

Na ce shi ne.

Ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa. Sai ya ce, "Ashe ni na rufe maka."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Na ce, "Baba, ni aka ce in karanta. Yini guda tana hannuna kafin ta zo naka." Ya gyaɗa kai, amma na ga bai karɓa ba. Rasa tafiyar ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ban yi kuka ba sai da na ga tsohon nan yana tattara ƙusoshinsa a tafin hannu, ya rasa inda zai zuba su.

Mataki na 9: Kada shiri ya tafi a banza

Ka kai wa Shiru rigar sanyin, ta ɗan yi masa yawa amma zai gode. Ka ba shi aron akwatin. Ka gaya masa maganar kunne. Ƙunshin Gwaggo ma ka haɗa masa, ai duk waje ne.

Sunan Matafiyi kuwa ba zai fita ba. Ka ci gaba da ɗaga hannu.

Sannan ka sake nema. Na sake, sakamako bai fito ba tukuna. Makon jiya na leƙa shago na ga wani sabon firam jingine a bayan benci, babu komai a ciki. Gilashi ne gaba, gilashi ne baya, ba ƙusa ko ɗaya, sai 'yar sakata a gefe da ake buɗewa da yatsa. Na ce, "Baba, na wane ne wannan?"

Bai ɗago daga abin da yake gogewa ba. Ya ce, "Na wani ne. Bai zo karɓa ba tukuna."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora bai taɓa hawa jirgi ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya sami kansa a gida da akwati a ɗaure da sunan da bai dace da shi ba, kada ya neme ni, kada ya nemi Malama, ta faɗa masa tun ranar farko. Kada kuma wanda ya kuskura ya ɗora wa kafinta laifi. Aikinsa bai taɓa bukatar gyara ba, abin da aka miƙa masa ya rufe.