Ƙofata Ta Shiga Littafin Baƙi, Tukunyar Bi Mwanaidi Ta Fita

Ranar Litinin ta makon jiya na fito da safe daga ni sai zanen ɗaurawa da singileti, bokiti biyu a hannu, don kwana tara ke nan famfon unguwarmu bai ce uffan ba. Ina zare sakata na turo ƙofa, sai na yi kiciɓis da Turawa wajen ashirin sun yi cirko-cirko a bakin gidana, kowanne ya saita ni da abin ɗaukar hoto. Kafin in gama a'uziyya an ɗauke ni ya fi a ƙirga. Wata tsohuwa mai malafa har da yi mini alama wai in ɗan ɗaga bokitin sama.

A gabansu ga Faki, ɗan marigayi Makame mai gyaran taru, wanda yanzu ya zama mai zagayawa da baƙi, yana riƙe da jar laima yana zuba kamar kanya. Shekara ashirin da shida na yi ina dako a tashar jiragen ruwa, saboda haka Turanci ba ya wuce ni gaba ɗaya. Da kunnena na ji yana gaya musu wai ƙofar nan shekararta ɗari huɗu, wani sarki ne ya sa aka sassaƙa wa 'yarsa, kuma waɗannan manyan ƙusoshin tagulla an kafa su ne don kada giwaye su ɓalla gidan.

Na ajiye bokiti na ce, "Faki, giwar iyo take yi ta zo, ko a jirgin safe take sauka?"

Ya matso yana murmushin dole, ya rage murya, ya kira ni da Mzee, wato dattijo. "Mzee Pandu, rufa mini asiri. Ba ni na ƙaga ba, a littafi yake."

"Kakana Kombo ne ya sassaƙa ta, kuma ka san haka. Shekarata sittin da huɗu a tsibirin nan, dabba mafi girma da na taɓa gani ita ce bijimin da ke jan amalanken gawayi."

"Na sani, Mzee. Amma baƙo ba ya ƙetare teku don ya ji labarin kafinta."

Ya miƙo mini littafin. Hukumar Ƙawata Gari da Faranta Ran Baƙi ce ta buga shi, da takarda mai sheƙi wadda ko kunna wuta ba ta yi. A ciki an jera abubuwa goma sha biyu da wai baƙo ba zai so su wuce shi ba. Na farko faɗuwar rana a bakin teku, wadda alhamdu lillahi har yau ba a ba da kwangilarta ba, shi ya sa take zuwa a kan lokaci. Akwai tsoffin kunkuru, akwai gonakin kanumfari, akwai yawo a kwalekwale daga gaɓar nan da aka kori masunta bara. Akwai sabon famfon ado na dandali, mai feshin ruwa sama har tsayin bishiyar kwakwa. Da na ga wannan sai hankalina ya kwanta, don aƙalla na san inda ruwanmu ya koma, kuma yana cikin ƙoshin lafiya. Na bakwai kuwa ƙofar gidana ce. Ba wanda ya tambaye ni. Ashe da ina kasuwa aka zo aka kafa ɗan allon ƙarfe a jikin bango, ni kuma na ɗauka na masu wutar lantarki ne.

Da abin ya tsaya nan da na yi dariya na wuce. Baƙo raɓa ne, da hantsi ya bushe. Amma ina dawowa daga ɗibar ruwa, sai na tarar da Bi Mwanaidi zaune a kan dakalinta hannu bibbiyu a haɓa, murhu babu wuta.

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunmu ya san Bi Mwanaidi (Bi ɗin nan girmamawa ce da muke yi wa mata, kamar a ce Malama). Shekara talatin da ɗaya tana sayar da urojo a kusurwar nan, romonta mai tsamin ɗanyen mangwaro da dankali da ƙosai da soyayyen rogo a sama. Da tukunyar nan ta binne miji, da ita ta kai 'ya'ya mata uku makaranta, da ita take riƙe da jikoki huɗu. Ta miƙo mini takarda mai hatimi. An rubuta cewa tunda lungunmu ya shiga hanyar baƙi, daga ƙarfe tara zuwa la'asar an hana shanya, an hana yawo da bokiti, an hana hura wuta a titi, domin hayaƙi yana ɓata hoto.

Ta ce, "Ɗan'uwa, jiya dogarawansu sun zo sun ce in na sake ɗora tukunya za su tafi da ita. Na ce musu to in ci me? Ɗayan ya ce in yi haƙuri, ci gaba ne ya zo."

"Ai kuwa ya zo," in ji ni, "har ya zauna miki a kan murhu."

Wurin da take ajiye tebur kuwa an riga an shata shi da farin fenti. Wai za a kafa rumfar kayan gargajiya. Mai rumfar, bisa tsautsayi kawai, ƙanin matar wani ne daga cikin manya, kuma kayan gargajiyar nasa a kwali suke zuwa daga ƙasar da ban taɓa jin an ambaci sunan tsibirinmu a cikinta ba.

Washegari na sa kufta da hula na raka ta ofishin hukumar. Muka ce muna son ganin Rankashidaɗe Sarkin Tarbar Baƙi, Garkuwan Masu Hoto, Inuwar Duk Wanda Ya Zo Da Kuɗin Waje. Akawu ya ce ya yi tafiya ƙasar waje da tawagar mutum goma sha ɗaya, sun je koyon yadda ake yi wa baƙo maraba. Na jinjina wa wannan himma. Mu da uwayenmu suka koya mana a kyauta cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ashe a jahilci muka yi ta tarbar mutane shekara da shekaru.

Bi Mwanaidi ta yi bayani a natse, ba ta ɗaga murya ba. Akawu ya saurara yana sakace, sannan ya ce ai hukuma mai tausayi ce. Za a iya barin ta ta zauna a gefen rumfar cikin kayan gargajiya, da tukunyarta, tana juya ludayi in baƙi sun zo wucewa. Sharaɗi ɗaya ne kawai, ban da wuta.

Ta ce, "Ɗana, tukunya ba wuta me zan sayar?"

"Ba sayarwa za ki yi ba, Bi. Nunawa za ki yi."

"To jikokina ma nuna musu zan riƙa yi?"

Ya duba agogo. Ni kuma tunda na zo, na ce bari in shigar da tawa ƙarar, a zo a cire allon ƙaryar giwaye daga bangona. Nan akawu ya gyara zama. Ya ce wannan ba huruminsu ba ne. Su titi ne nasu. Daga dokin ƙofata zuwa ciki kuwa ya zama kayan tarihi, yana ƙarƙashin Ofishin Adana Abin Da, kuma ko shi kansa Rankashidaɗe bai isa ya aika dogari ya ƙetare dokin ƙofar nan ba sai da takarda daga can. Na ce to a nemo takardar. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce shugabannin ofisoshin biyu wata takwas ke nan ba sa ga-maciji, saboda wata mota da aka turo daga sama ba a rubuta sunan mai ita ba.

Muka dawo gida. Ina ba uwargida Bi Zuwena labari tana kankare kwakwa, ba ta ko ɗago ba. Da na kai aya sai ta ce, "Wato dogari ba zai iya taka zauren nan ba."

"Haka ya ce."

"Kai dai shekara arba'in ina gaya maka kanka na ɗaukar buhu ne kawai. Tashi ka kwashe tarkacenka daga zaure."

Asabar ce ranar da babban jirgin baƙi zai iso, irin mai hawa goma sha biyu wanda in ya tsaya a tasha sai ya tare wa masallacin Juma'a rana. Tun Alhamis aka shafe fuskar gidajen lungunmu da farar ƙasa, iya inda idon mai hoto zai kai. Bayan gidajen kuwa an bar wa Allah. Rankashidaɗe ya dawo daga karatunsa da sabuwar kwat, zai jagoranci manyan baƙi da kansa.

Da hantsi muka buɗe ƙofar kakana gaba ɗaya, ɓangare biyu. Taku ɗaya daga dokin ƙofa, a cikin zaurena, Bi Mwanaidi ta kafa murhu ta ɗora tukunya. Ta hura wuta, ta sayi kasada. In aka tafi da tukunyar nan ba ta da wata. Ba a jima ba ƙamshi ya cika lungu, dogarai biyu suka iso da sanduna.

Babban ya ce, "Bi, ba a gaya miki an hana wuta a titi ba?"

Bi Zuwena ta amsa daga bayan labule, "Ina ka ga titi? Baƙuwarmu ce, tana yi mana girki."

Ya ɗaga ƙafa zai shigo. Na nuna masa allon da ke jikin bango, na ce, "Bismillah, shigo. Amma kawo takardar Ofishin Adana Abin Da tukuna. Ka san ƙofar nan giwa ma ta gwada ta bari."

Ƙafar ta tsaya a sama kamar ta zalɓe. Ya dubi ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya dubi tukunya. Aka kira wani a waya, wanin ya ce a kira wani. Ana cikin haka Faki ya ɓullo da jar laimarsa da baƙi sun fi arba'in. Sun sha rana, sun sha tarihin ƙarya tun safe, ga kuma ƙamshi. Wani dogon Bature ya tambayi Faki ko na sayarwa ne. Kafin Faki ya nemo amsa a littafi, Bi Mwanaidi ta riga ta cika kwano ta miƙa ta saman dokin ƙofa. Mutumin ya kurɓa, barkono ya sa shi hawaye, ya miƙo kwano a ƙara. Nan da nan layi ya miƙe har ya wuce rumfar kayan gargajiya, inda ƙanin matar manya yake zaune yana korar ƙuda da hular da ba wanda ya taya.

A haka tawagar Rankashidaɗe ta same mu. Na ga fuskarsa ta haɗe kamar hadarin damina, ya waiga yana neman wanda zai huce a kansa. Sai wata mata daga manyan baƙin, wadda aka ce ita ke rubuta wa mutanen ƙasarsu inda ya kamata su je, ta riƙe masa hannu da kwano a ɗaya hannun. Ta ce wannan ne abu mafi daɗi da ta gani tun saukarta, wane ne ya yi wannan tunani?

Jama'a, ban taɓa ganin hadari ya washe da sauri haka ba. Rankashidaɗe ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Ya ce wannan sabon shiri ne na hukumarsa, mai suna Ci Da 'Yan Gari, wanda suka daɗe suna nazari a kansa, har ƙasar waje suka je dominsa. Ya karɓi kwano aka ɗauke shi hoto yana dafa kafaɗar Bi Mwanaidi, yana kiran ta uwarsa. Ya sha kwano biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Dogaran nan da suka zo tafiya da tukunya su ne suka koma gyara layi, kuma don Allah sun iya.

Da jama'a suka watse na ce mata, "Ba ki gaya wa matar gaskiya ba?"

Tana kankare gindin tukunya ta ce, "Ɗan'uwa, gaskiya zan kai wa jikokina ko cefane? Bar shi ya ci sunan. Ni wutata nake so."

Ranar Laraba takarda ta fito an mayar mata da kusurwarta. Na yi mata murna har zuciya. Sai dai kada mai karatu ya yi saurin tafi. Bi Mwanaidi ta tsira ne don wata baƙuwa ta ji daɗin barkono, ba don wani ya tuna cewa ita ma mutum ce ba. Mai gasa masara na bakin masallaci da mai gyaran takalmi na kusa da shi ba su da ƙofa mai lamba, kuma har yau ba wanda ya san inda suka koma. A garin nan in kana son hukuma ta gan ka, sai ka fara shiga hoton wani.

Jiya aka kawo mata kyauta daga ofis: ƙaton allo mai ɗauke da hoton Rankashidaɗe yana murmushi da kwano a hannu, ya fi teburinta faɗi sau biyu, aka ce dole ta kafa shi a wurin sana'arta. Ta kuwa kafa. Ta jingina shi ta ɓangaren teku, daidai inda iska ke kashe mata wuta, ta ce tun da ta fara sana'a murhunta bai taɓa ci lafiya irin na yau ba. Saboda haka masu cewa ba na yabon manya sai su shaida, yau na yaba. Wannan ne karo na farko da na ga bawan Allahn nan ya tare wa talaka wani abu ban da hanya.