Gajeren Injin Surfen Acca

"Lafiya lau muka kwana, sai dai mummunan gani da sassafe," in ji tsohuwa Tenin, tana hararar jikanta Zumana da ke sauke wani tulin ƙarfe daga amalanken jaki.

Kafaɗunta sun daina ɗaukar taɓarya, surfen acca kuwa ba ya son rago. Ɗanta na Bamako, uban Zumana, ya riga ya yanke magana: tunda surfe ya gagare ta, bayan kakar bana ta bar gona ta koma wurinsa. Abin yana cin ranta, amma ba ta gaya wa kowa ba. Zumana, mai walda a garin Buguni, shi kaɗai ya lura.

"Mijin banza, tukunyar mayu ka kawo min?"

"Injin surfe ne, amarya. Na gaji da cin tsakuwa a accarki."

"Kakanka shekara arba'in yana ci, bai taɓa tofarwa ba."

"Shi ya sa ya tafi lahira ba haƙori ko ɗaya."

"Ji ɗan nema! Na ga irinsa wurin malaman gona. Aka zuba masa acca, ya watsa wa kaji."

"Wancan baƙo ne, shinkafa ya sani. Wannan a Buguni aka haife shi, uwarsa tsohuwar ganga, ubansa injin babur."

"Dangin tsiya, irin naka. To me ya sa ya zama gajere haka? Ƙarfen ne ya ƙare?"

Zumana ya sosa ƙeya. "Ranar sallah da kika jingina da rumbu, na ja layi da gawayi daidai ƙugunki. Ba na so ki ƙara ɗaga hannu sama."

Tenin ta kau da kai, wai hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ba a ma tayar da injin ba. Da ya tayar, ta juye acca ƙwarya guda a bakin injin ba tare da ta ɗaga hannu sama ba. Accar ta zubo fara tas. Ta watsa a baki ta tauna, tana neman aibu ido rufe.

"Yaya? Akwai dusa?"

"Gishiri ya yi kaɗan."

Ya fashe da dariya, ita ma ta kasa riƙewa.

"Kama zakaran can ladanka ne, ɓarawo, kafin in dawo hayyacina. Sannan ka buga wa ubanka waya, ka ce ɗakin da ya share min ya zuba kaya a ciki. Ina da irin da zan shuka baɗi."