Maƙiyin Da Ya Buɗe Wa Kansa Shafi

Wani ne fa, ku gyara zama, shekararsa uku da gama karatu ba aiki. A falon yayansa yake kwana, kan wata doguwar kujera da aka tokare ƙafarta ɗaya da bulo. Takardar neman aiki kuwa babu ofishin da bai kai ba. Ko kiran kuskure ba a taɓa yi masa ba.

Rannan kwatsam sai ga saƙo. Wani kamfanin sayar da firji da fanka na neman mai kula musu da shafinsu na intanet, ya riƙa amsa wa masu saye. An kira shi intabiyu nan da mako biyu. Ihun da ya yi sai da matar Yaya ta fito daga kicin da gudu, ta zaci gobara ce.

Yaya ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Wannan ce ta ƙarshe. In suka koro ka, washegari ka same ni a shago. Akwai buhunan siminti da ke jiran kafaɗarka."

Mutumin naku ya shafa kafaɗar. Ƙashi ne zalla.

Ya zarce wurin mai gyaran waya na bakin titi, wanda ake ce wa Injiniya, don shi ne mai ba shi shawara a kan komai.

Injiniya ya ce, "Yanzu fa ba takarda suke dubawa ba. Shafinka suke buɗewa su ga wane irin mutum ne kai. Kawo wayar."

Ya karɓa, ya ja sama, ya ja sama, ya yi salati.

"Wannan hoton fa, da ka zaro harshe ka kifa bokiti a ka?"

"Ranar mun ci ƙwallo ne."

"Wannan kuma da ka rubuta duk wanda ya ƙirƙiro tashin safe ba ka yafe masa ba?"

"Raha ce."

"Goge. Goge duka."

Suka goge har shafin ya koma kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Injiniya ya kalla, ya girgiza kai.

"Haka ma ba zai yi ba. Za su ce ɓoye wani abu kake. Sai an ga mutane na yabonka."

"Wa zai yabe ni?"

"Wannan kuma kai ta shafa. Ni waya nake gyarawa."

Ya roƙi abokansa su rubuta masa kalma mai daɗi. Mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma dariya ya turo. Sai gogan ya ce ai ba sai ya jira kowa ba. Ya zauna ya buɗe sababbin shafuka uku: Tsohon Malaminsa, Hajiya Mai Kamfani, da Dattijon Unguwa. Ya ɗora hotonsa da littafi a hannu a nasa shafin, sannan ya fara shiga sababbin yana fita.

Tsohon Malaminsa ya rubuta: "Yaron nan tun yana aji biyu shi yake gyara mini lissafi."

Hajiya Mai Kamfani ta ce: "Na yar da jakata, ya bi motata da ƙafa kilomita goma sha biyu ya kawo mini. Ko ruwa ya ƙi sha."

Dattijon Unguwa ya ce: "Da fitowarsa da safe muke saita agogo."

Shi kuma ya koma nasa shafin yana amsawa. "Haba Baba, kar ku fasa mini kai." Da ya sake karantawa har ƙwalla ta taru masa. Bai san ana ƙaunarsa haka ba.

Ya kai wa Injiniya yana taƙama. Injiniya ya taɓe baki.

"Yabon ya yi yawa. Wa ka taɓa gani a intanet ba shi da mai zaginsa? Ka samo wanda zai ɗan soke ka kaɗan, kai kuma ka ba shi amsa cikin ladabi. Su ga kana da haƙuri. Ai aikin ke nan da za ka yi musu."

To, nan fa aka samu matsala. Ya buɗe shafi na huɗu, ya sa masa suna Na-San-Ka. Niyyarsa ɗan tsokaci ne, layi ɗaya. Amma wajen yabo sai da ya yi gumi kafin ya ƙago abin faɗa. Nan kuwa kaya ne jibge, sai wanda ya zaɓa. Yatsa ya kama gudu.

Na-San-Ka ya rubuta: "Gaskiya ne, da shi ake saita agogo. Da ya fito yana miƙa, kowa ya san sha biyu ta buga."

Ya koma shafinsa ya karanta. Wallahi sai ya ji ransa ya ɓaci. Ya daure ya rubuta, "Na gode da gyara, ɗan'uwa."

Na-San-Ka ya ce: "Littafin da ka riƙe a hoto ma a juye yake."

Ya duba hoton. A juye yake kuwa. Haƙuri ya ƙare.

"Kai waye? Ka fito fili in ka isa!"

"Ina fili. Kai ne dai har yanzu kake cikin bargon da matar yayanka take nema tun watan jiya."

Matar Yaya ta shigo falo ta same shi yana huci, yana danna waya kamar zai huda ta.

"Lafiya, ƙanina?"

"Anti, wani ɗan hassada ne ya sa ni gaba."

"Mu gani."

Ta karanta. Ta fara dariya a tsaye, ta ƙarasa a zaune a ƙasa.

"Wayyo cikina! Wannan bawan Allah ya san ka. Har naman da yake raguwa a tukunya ya sani! Tashi ka ba ni bargona."

Kafin yamma ta tura wa ƙawayenta. Ƙawaye suka tura wa nasu. Yaya da kansa, mutumin da bai taɓa danna komai a waya ba sai amsa kira, ya shiga ya rubuta wa Na-San-Ka: "Allah ya yi maka albarka."

Cikin mako guda Na-San-Ka ya tara mabiya dubu huɗu. Shi mai shafin na ainihi yana da sittin da uku, uku daga ciki shi ne. Mutane suka fara kawo wa Na-San-Ka ƙorafinsu, wannan a kan mai gidan haya, wancan a kan tela, yana ba su amsa suna kwasar dariya. Tsohon Malaminsa ya shigo zai kare ɗalibinsa, Na-San-Ka ya wanke shi tas. Dattijon Unguwa kuwa da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya janye maganar agogo ya ba jama'a haƙuri.

Gogan ya rame. Ya koma wurin Injiniya ido ja wur.

"Mutumin nan zai kashe ni."

"Wane mutum? Ba kai ba ne? Goge shi mana!"

"In goge shi? Don duniya ta ce tsoronsa na ji?"

Injiniya ya dube shi ya daɗe, sannan ya ci gaba da kwance wayar da ke gabansa.

Ranar intabiyu ya aro kwat ɗin Yaya, hannun rigar ya rufe masa har farce. Aka shigar da shi wani ofis mai dogon tebur da sanyin na'ura. Manaja ce zaune ita kaɗai, wata mata mai tabarau a kan hanci, kwamfuta a buɗe gabanta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a bakin kujera.

Ta ce, "Mun duba shafinka."

"Ranki ya daɗe, kin ga abin da malamina ya ce?"

"Na gani. Shi da Hajiya da Dattijo duk kuskure ɗaya suke yi a rubutu. Bar wannan." Ta juyo masa da kwamfutar. "Wannan fa, Na-San-Ka?"

Gumi ya karyo masa duk da sanyin ɗakin.

"Maƙiyina ne, ranki ya daɗe. Kar ki saurare shi."

"Kar in saurare shi? Kwana uku ke nan duk ofishin nan ba wanda ya yi aikin kirki, shi muke karantawa. Yana da saurin amsa. Ya iya magana da mutane. Ba ya ƙarya. Irinsa muke nema. Gaskiya shi ya sa ban soke kiranka ba. Kana da lambarsa?"

Ya tuna shagon Yaya. Ya miƙe tsaye.

"Ni ne! Wallahi ni ne shi!"

"Kai ne wa?"

"Na-San-Ka!"

Ya naɗe hannun kwat, ya zaro waya, ya buɗe shafin ya miƙa mata. Ta duba wayar, ta dube shi, ta sake duba wayar. Ta cire tabarau ta ajiye.

"To zauna. Tambaya ɗaya zan yi maka. Abin da ya rubuta a kanka, barcin rana da lalaci da sauran su, gaskiya ne ko ƙarya?"

Ya buɗe baki zai ce ƙarya ne.

Ta ce, "In ƙarya ne, ba ma ɗaukar maƙaryaci."

Ya juya baki zai ce gaskiya ne.

"In kuma gaskiya ne, ba ma ɗaukar mai tashi sha biyu."

Ya kalli silin, ya kalli ƙasa, ya share gumi da hannun kwat ɗin Yaya. Can ya matso da kujera, ya rage murya.

"Ranki ya daɗe, ku ba shi aikin kawai. Ni zan riƙa rako shi kullum."