Lafiyarsa Ƙalau, In Ji Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa ɓata mana komai da bakina ba.

Da bizar musayar ɗalibai na je karatu Amurka, a can kuma na auri wani Bakano da ya zama ɗan ƙasar. Sai dai bizar tana da sharaɗi: in an gama, a koma gida a yi shekara biyu. Haka na dawo Makka, gidanmu na unguwar Zahir, ina ta rubuta wa tattabarun Harami waƙoƙi (ko ɗaya ba ta taɓa tanka mini ba). Hanya ɗaya ta rage mana: mu nemi a yafe mini sharaɗin, mu nuna cewa rashina ya jefa maigidan cikin matsananciyar wahala. Ba ƙarya ba ne kuwa, wankin ƙoda ake masa, kuma ba shi da kowa a can.

Lauyarmu ta kira mu ta bidiyo, maigidan daga can, ni daga falonmu. Mahaifiyata, Ummi, tana gefena tana tsinke mulukiyya, wato ganyen lalo.

"Yaya mijinki yake fama tun da kika taho?" in ji lauya da Turanci.

To mu a gidanmu ba a kukan rayuwa, balle a ce miji yana kewarki a gaban uwa. Na saci kallon Ummi, na sunkuyar da kai.

"Lafiyarsa ƙalau, alhamdulillah. Har ƙiba ya yi."

(Kumburi ne. Na kuma sani sarai.)

Lauya ta ajiye biro. Maigidan ya zaro ido, ya ce da Hausa, "Baiwar Allah, ni ne ƙalau?"

Ummi ba ta jin Turanci, amma wannan ta ji shi. Ta tsare ni sai da na maimaita mata abin da na faɗa.

"Ya binti, 'yata, kunyata ce za ta riƙa kai shi asibiti? Yalla, maza faɗa wa matar nan gaskiya!"

Ta kuma ƙi tashi. Na daure na zayyana: jirin da ke kwasarsa bayan wankin ƙodar, rashin mai tuƙo shi gida, har da cewa ba ya iya cin abinci sai ya ji muryata.

"Wannan na ƙarshen fa?" in ji Ummi. "Fassara mini, na ga ya yi murmushi."

Na fassara, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yau muna jiran amsa, kuma ko sau nawa za a tambaye ni zan maimaita, ba inda-inda. Na dai koyi darasi: in za ki faɗa wa lauya yadda mijinki ke sonki, fara aiken ƙaninki ya kai Ummi Umara.