An Ba Taliya Bakwai a Bayan Kokenmu

Jama'a, ranar Talata na bar gida da koko kaɗai a cikina da takardar koke a aljihu. Na dawo da yamma ciki ya cika taf da abincin ƙasashe biyu, aljihu kuwa wayam. Asama'u mai ɗakina tana hango ni ta toshe hanci ta ce, "Malam, wane irin ƙamshi ne wannan, kamar ka kwana a rumfar masu kayan yaji?" Na ce ta bari in zauna tukuna, aikin hukuma na yiwo.

Bari in faro muku daga tushe. Kwalbatin da ya haɗa ƙauyenmu da hanyar Dawanau ya rufta tun ruwan watan Agusta. Inda yake a da, yanzu rami ne gaba dubu. Mai babur yakan sauka ya tura ta gefen gonar Malam Ja'afaru, mota kuwa ba ta da ta inda za ta bi. Saura mako uku mu fara yankan riɗi. In mota ba ta shigo ba, dillalai za su zo su tsaya a wancan gefen ramin su saya yadda suka ga dama, don sun san ba wanda zai yi ta jidar buhuna a ka har bakin titi. Wahalar damina guda ce za ta tafi a banza, kuma wannan shi ne abin da ya hana kowa sakewa a garinmu.

Dattawa suka zauna, Malam Ja'afaru da yake koyarwa a firamarenmu ya rubuta koke da hannunsa mai kyau, magidanta arba'in da uku suka dangwala yatsa a ƙasa. Aka ce ni zan kai, tunda ni ne mai surutu a jarida.

Sai da na yi awa biyu a layin mai a Rijiyar Zaki kafin a ɗiga wa babur ɗina abin da zai kai ni birni. Ofishin da na je ba zan kama sunansa ba, shi ma mai ofishin haka. Mu dai kira shi Mai Girma Uban Kwamitoci, Allah ya ƙara masa zama. Ina isa na tarar da motoci shida a jere, duk an kunna su suna ta shan mai a tsaye. A jikin ta gaba na ga Sabiru, mutumin garinmu ne, ya yi furfura a tuƙin manya.

"Sha'aban, me ya kawo ka?" in ji shi.

Na nuna masa takarda. Ya girgiza kai. "Yau ba ranar koke ba ce, ranar ɗanɗano ce."

Na ce ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce wai wata mai zuwa masu zuba jari za su zo daga ƙasashen Asiya su duba harkar noma. Don kada baƙi su ci abin da bai dace ba, aka kafa kwamitin mutum goma sha biyu, ban da shi Mai Girma, su zagaya gidajen abincin 'yan China da na Indiyawa da ke birni, su ci, su ba da maki, a zaɓi inda za a kai su. Wannan ne mako na uku da fara wannan sadaukarwa. Kwamitin har wakilin manoma yake da shi, ƙanin matar Mai Girma ne, bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma yau bai zo ba saboda ɗanɗanon makon jiya ya ɓata masa ciki.

Muna cikin magana sai ga sakataren kwamiti. Ya dube ni daga malfa har takalmin roba, fuskarsa ta washe. "Alhamdulillahi, ga manomi na gaske! Baba, shiga mota, hoton zai fi kyau da kai." Na ce a raina, to, in dai zan zauna kusa da Mai Girma, ai takarda ta isa hannu.

Gidan 'yan China muka fara zuwa. Jajayen fitilu a rataye, sanyin na'ura kamar cikin randa. Aka ajiye wa kowa tsinke biyu irin na tsire, wai da su za a ci. Ni dai na roƙi cokali, na kuma tambayi wanda ya yanka naman, aka ce mai dafawar ma Musulmi ne ɗan Kano, hankalina ya kwanta. Mai Girma kuwa ya ce shi ya saba, ya sha zuwa ƙasashen waje. Ya damƙi tsinkayen, ya cafko tsokar kaza, ta suɓuce ta faɗa cikin aljihun babbar rigarsa. Mutum goma sha ɗaya suka ce, "Ranka ya daɗe, sai kai!"

To, ga hukuncina a kan abincin, tunda ni ma ɗan kwamiti ne na yini ɗaya. Da farko an kawo miya ba tuwo. Ruwa ne tsararo da ƙwayoyin masara da zaren ƙwai suna yawo a ciki, tana yauƙi alhali ba kuɓewa ba karkashi. Na jira tuwon har na gaji, ashe haka ake shanta kamar maras lafiya. Sai aka kawo wani abu fari-fari yana rawa a faranti, aka faɗi sunansa da girmamawa. Na ɗanɗana, na ce wannan ai awara ce. Awarar da Larai take soyawa a ƙofar makarantarmu, sai dai ta Larai ta sha mai ta sha yaji, wannan kuwa kamar an tsamo ta daga ruwa tana tsaka da wanka. Taliyarsu tsawonta ya ishi ɗaurin akuya, ka ja ka ja ba ta ƙarewa. Abu ɗaya zan yi wa adalci: akwai wani alkubus ƙarami da suka cusa wa nama a ciki, na ci huɗu, kuma da ba a kallona da na sa biyu a aljihu.

Duk wannan lokacin takarda tana aljihuna tana ƙona ni. Amma ku ma kun san yadda aka tarbiyyantar da mu. Ba a kai wa babba buƙata yana da loma a baki. Sai ya gama, ya wanke hannu, ya yi hamdala, sannan ka durƙusa ka faɗi abin da ya kawo ka. Mahaifina ya taɓa make mini hannu a kan haka ina ɗan shekara bakwai, har yau ban manta ba. Matsalar ita ce wanda ya koya mini wannan ladabi bai taɓa ganin bakin da ba ya zama babu loma ba.

Daga ƙarshe aka kawo kaza da aka dafa da zuma, tana ƙyalli, an barbaɗe ta da riɗi. Kaza da zaƙi dai ban ga dalilinta ba, in alewa ake so a kawo alewa. Amma Mai Girma ya ɗauki ƙwayar riɗi ɗaya a kan yatsa, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Kun ga riɗin China?" in ji shi. "Fari tas, ga cika, ga ƙamshi. Wannan shi ne noma na ilimi. Namu manoman sai lalaci da ƙorafi. Sakatare, rubuta: a duba yiwuwar tafiya can a samo irin."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji mutum goma sha ɗaya.

Na sunkuya na dubi riɗin nan. Jama'a, shekara talatin ina shuka shi, ina yanka shi, ina jingine shi ya bushe, ina kakkaɓe shi a kan tabarma. Na san shi kamar yadda na san 'ya'yana. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Mai Girma ya sa aka kira mai dafa abincin don ya yaba masa. Wani magidanci ya fito yana goge hannu, ya ce sunansa Naziru. Aka tambaye shi ta jirgin sama ake kawo riɗin ko ta ruwa.

"Ranka ya daɗe, ta a-kori-kura," in ji Naziru. "A kasuwar Dawanau nake sayowa duk mako. Mai gidan abincin ma ya ce a ƙasarsu irin wannan na nan ake kai musu."

Na zaci Mai Girma zai ji kunya. Ina! Ya gyara hula ya ce, "To ai abin da nake faɗa ke nan. Kun ga irin ƙoƙarin da muka yi a harkar noman riɗi, har 'yan China sun shaida. Sakatare, rubuta wannan ma. Maganar tafiya kuma a bar ta yadda take."

Nan ne ya kamata in zaro takarda in ce, ranka ya daɗe, riɗin nan ta kan kwalbatinmu yake biyowa. Hannuna har ya kai bakin aljihu. Sai na ga ya cusa cinyar kaza a baki, hannun nawa ya koma da kansa. Yana gamawa waya ta yi ƙara, ya miƙe yana magana, aka rufe masa ƙofar mota.

Bayan azahar muka sauka gidan Indiyawa, don kwamiti mai kishin ƙasa ba ya cin rana sau ɗaya. Nan aka kawo gurasa, faffaɗa mai zafi, ba laifi, amma duk wanda ya ci ta Jakara da ƙuli da mai ba zai yi mata guɗa ba. Aka kawo wake da aka dama har ya manta shi wake ne. Aka kawo dafa-duka mai launi uku, kowane cokali sai ka tauna wani icce: nan kanumfari, can ɓawon itace, can wani ganye da ya kamata a ce an tsame shi. Aka kawo nono da sukari a kofin gilashi, na leƙa ƙasan kofin ina neman fura, babu.

Mai Girma ya ce shi yaji ba ya yi masa komai, a kawo wanda ya fi kowane zafi. Aka kawo wata jar miya. Sau biyu ya dangwala gurasa a ciki da hannu, hawaye suka zubo masa har gemu, hanci ya ɓalle. A shekara uku da ya yi yana yi mana alkawari, ranar ce na fara ganin ya yi kuka a gaban talaka. Mutum goma sha ɗaya su ma suka hau share ido don kada a bar shi shi kaɗai.

Allah ya taimake ni yajin ya sa ya ture faranti da wuri. Ya tsoma yatsu a ruwa sama-sama, ya ce alhamdulillahi. Na ce yau ga ranata. Na tashi, na cire malfa, na durƙusa, na miƙa takarda da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, saƙon mutanenmu ne a kan..."

Daidai lokacin sakatare yana ta lalube a jaka yana cewa ya bar takardun ba da maki a wancan gidan. Mai Girma ya karɓi tawa, ya ce, "Yawwa! Manomin nan akwai hankali." Ko kallon gabanta bai yi ba. Ya kifa ta a kan tebur, ya danne da babban yatsa, ya tura wa sakatare. "Rubuta a nan. Taliyar China bakwai. Miyar masara huɗu. Gurasar Indiya takwas. Jar miyar nan a ba ta tara, ta nuna jarumta."

Aka ce wakilin manoma ma ya ba da nasa makin. Na ce, "Riɗi goma. Hanyar da yake biyowa ya zo nan, sifili, don ta rufta tun watan Agusta, kuma bayanin yana ɗaya gefen takardar nan."

Suka fashe da dariya har da tafi. "Baba akwai barkwanci!" in ji Mai Girma. Aka tsayar da ni a tsakiya, aka ce in mayar da malfa, aka ɗauki hoto. Sakatare ya fito da hatimi ya buga a ƙasan makin, ya sa takardar a fayil ya rufe. Sabiru ya mayar da ni wurin babur ɗina.

Da na iso bakin ramin, Malam Ja'afaru yana tsaye yana jirana. "An karɓa?" in ji shi.

"An karɓa, har an buga hatimi an sa a fayil."

Ya ɗaga hannu sama zai yi godiya ga Allah, na ga ba zan iya barinsa a haka ba, na faɗa masa komai. Ya sauke hannu ya dubi ramin. Sannan ya ce, "Gobe in an idar da sallah a faɗa wa mutane, kowa ya fito da shebur da tsofaffin buhuna. Mako uku ne, in mun cika shi da yashi da dutse wataƙila a-kori-kura ta haye." Tun ranar Laraba abin da muke yi ke nan, bayana har ya daina miƙewa, kuma ramin bai kai rabi ba.

Ni dai laifina na sani: na kai ladabin zauren gidanmu wurin da ba a tashi daga kan faranti. Roƙona ɗaya ga duk ma'aikacin da fayil ɗin nan zai biyo ta teburinsa. Don Allah in ka gama karanta makin taliya, ka juya takardar. Za ka ga dangwalen magidanta arba'in da uku da shuɗin tawada. In ka ɗaga ta saitin taga, za ka ga na arba'in da huɗu ya huda daga baya, babba, ja, mai maiƙo. Na Mai Girma ne, kuma iyakar sa hannun da ya taɓa yi a kan maganar kwalbatinmu ke nan.